Ƙwaryar da Ba a Gani

Wallahi har yanzu hannuna rawa yake yi! Daren jiya bayan sallar isha'i na hau zemijan, wato acaɓa, daga Zongo zuwa Houéyiho, na nufi wani ɗan shagon wasa da nake biyan dala arba'in in zauna gaban PlayStation. Kwana huɗu ke nan wani dodo mai suna Margit yana kashe ni a bakin ganuwar Stormveil, a cikin Elden Ring, wasan da kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2022. Dabarata ɗaya ce: in kai sara, in ja da baya can nesa, in huta, in dawo.

Wani yaro da bai wuce shekara goma sha uku ba yana tsaye bayan kujerata, ya kasa haƙuri. "Yaya, ƙwaryar taka yoyo take yi fa. Kana zubawa kana tafiya, kafin ka dawo ta tsiyaye."

Na ce wace ƙwarya? Ya ce in manne masa, kada in bar shi ya shaƙi iska. Na matsa da Uchigatana, takobin samurai da na fara wasan da shi. Sara, kauce, sara, sara. Can sai jini ya fashe a jikin Margit, jan layin ransa ya zaftare gaba ɗaya kamar an gutsuri tsire! Na miƙe tsaye ban sani ba, har mai shago ya leƙo.

Ashe kowane sara aiki biyu yake yi. Akwai raunin da ido ke gani, akwai kuma wani ma'auni ɓoyayye a jikin abokin gaba da ke cika kaɗan-kaɗan, ƙwaryar da yaron yake nufi ke nan. Kafin ya cika, ko alama babu. Yana cika sai zubar jinin ta tashi, ta cire kaso daga jimillar ransa, kashi 15 cikin 100 ga ƙananan maƙiya, manyan dodanni kuwa ƙasa da haka kaɗan. Kaso fa, ba adadi kawai ba! Shi ya sa duk girman dodo, haka girman abin da za a gutsura. In ka dakata da sara, ma'aunin ya riƙa sauka. In ya cika sau ɗaya, ƙwaryar ta ƙara faɗi, na biyu sai ka fi shan wahala. Nan na gane gwanintar masu ƙera wasan: sun sa wa mai tsoro haraji, sun kuma hana mai dabara ɗaya cin bulus har abada.

Abin da ya fi girgiza ni, na daɗe ina ganin wannan ma'auni a kaina. Duk lokacin da na taka fadamar Aeonia a yankin Caelid na wasan, layin jar ruɓa yana bayyana a allo, yana hawa, in na yi birgima a ciki ma ya ci gaba da hawa bayan na fito. Ban taɓa kawowa a raina cewa dodon ma yana ɗauke da irinsa ba.

Yaron ya ci gaba da zuba, ni kuma kunne kawai. Ƙanƙara in ta kama maƙiyi, daƙiƙa 30 duk bugun da ka yi masa yana ƙaruwa da kashi 20 cikin 100. Jefa masa tukunyar wuta, sanyin ya narke, ka sake tarawa daga farko ba jira. A wasan Monster Hunter World na Capcom kuwa, wanda ya fito a 2018, in dabba ta yi barci bugun farko ninki biyu ne, shi ya sa mafarauta ke jera gangunan bam a bakin kanta kafin su tashe ta.

Margit ya faɗi a gwaji na uku. Na biya wa yaron awa ɗaya, na ce gobe bayan magariba ya jira ni, ƙanƙara da wutar nan nake so in gani da idona.