Ajin Turanci a Ajingi, Ba Littafi Sai Kwalin Magani

Wannan mako sai kowace ta yafa mayafinta, gabas za mu yi, ƙasar Gaya.

In kin tashi daga birnin Kano kin bi hanyar Wudil kin haye gada, sai ki miƙe har Gaya. Ku 'yan makaranta kun san sunan garin nan a darasin tarihi, gama an ce daga nan ne maƙerin nan mai suna Kano ya taso, ya zo gindin Dala neman tama, har birni ya ci sunansa. Daga Gaya sai ki karya arewa, ba da jimawa ba ga ki a Ajingi, dab da iyakar Jihar Jigawa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai rairayi, ga kuka ga tsamiya ga gawo, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen 174,000 a ƙaramar hukumar, watau har da su Toranke da Balare da Gafasa da Kunkurawa da Gurduba.

To, ba kallon gonaki ya kai ni ba. Wani aji na je gani, na matan aure da zawarawa, su goma sha, waɗanda su ke taruwa a tsakar wani gida bayan la'asar su koyi Turanci. Malamarsu yarinya ce da ta gama sakandare ta dawo gida. Ba tebur, ba kujera, ba littafi ko guda a hannun ɗaliba.

Watakila wata ta ce, me mai tuyar ƙuli-ƙuli za ta yi da Turanci? Ni ma na tambayi wata dattijuwa a cikinsu, na ce, “Inna, me ya kawo ki?” Ta ce, “Malama, kuɗi suka kawo ni.” Kun tuna farkon 2023, sa'ad da aka sake takardun Naira, tsabar kuɗi ta ɓuya, ciniki ya koma ta waya. Mace ta sayar da mai galan guda, mai saye ya ce ya turo, saƙo ya shigo da Turanci, ba ta san ko shiga kuɗin suka yi ko fita ba, sai ta nemi yaron maƙwabta ya duba mata. Yaro kuwa in ya san abin da ke cikin asusunki, unguwa duka ta sani. Ga kuma maganin yara. Sunan magani, da yawan abin da za a sha, da ranar da zai lalace, duk da Turanci a ke rubuta su.

Koyar da manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Coomassie yana kan gaba, hukumar NORLA kuma a Zariya, daga 1954 zuwa 1959, tana ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna. A 1965 aka fitar da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner. A 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, har ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Amma littafi takarda ce, takarda kuwa ta yi tsada. Macen da ke ƙirga kuɗin cefane ba za ta fid da na littafi ba, kuma ba na ganin laifinta.

Sai ku ji dabarar da suka yi.

Da fari dai allo. Bangon ɗaki aka shafe da siminti wajen kamu biyu, aka daka gawayi aka kwaɓa da ruwan ƙaro aka shafa, ya bushe baƙi ƙirin. In ya koɗe a sake shafawa, ba a sayi komi ba sai alli. Kowace ɗaliba kuma ta zo da allonta na katako irin na makarantar allo, da tawada da alƙalamin gamba. Ta rubuta, malama ta duba, ta wanke ta sake. Abin da ya cancanci ajiya shi kaɗai a ke kwafewa a takarda, takardar kuwa ta buhun siminti ce, an kaɗe ta an yanka an ɗinke da zare. Mu da muka yi kwalejin horon malamai an sa mu mun yi ta zana manyan hotuna a farin kwali don gwajin koyarwa, mun kashe kuɗi, ba a sake amfani da su ba. Allon nan ya fi su aiki nesa ba kusa ba.

Littafin karatu kuwa yana cikin wani kwando. Kwalin ashana, kwalin sukari, ledar gishiri, gwangwanin madara, takardar sabulu, katin rigakafin yara, da kwalayen magani da ba kome ciki. Kowace ta ɗauki ɗaya. Ranar da na je kwalin magani a ke yi. Malama ta rubuta haruffa uku a bango, EXP, ta ce kowace ta nemo su a kwalinta. In an ga 08/2027, na farko wata ne, na biyu shekara, watau bayan Agustan 2027 kada a ba yaro. Sa'an nan a nemi lambar NAFDAC, hukumar nan da aka kafa a 1993 don lura da abinci da magani. Wata ta ɗaga kwalinta ta ce, “Malama, ashe nawa tun bara ya mutu!” Aka yi dariya, amma na ga wasu sun yi shiru, da alama suna tuna abin da ke cikin kwanukansu a ɗaka. Abu guda malamar ta hana, kuma na yaba mata: ba a kawo kwalbar maganin ƙwari ko ta feshin gona, ko da an wanke. In ana son karanta gargaɗin da ke jikinsu, ita ke kwafo shi a takarda.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne darasin takardar kuɗi. Ku duba Naira 200 ko 500 ko 1000, za ku ga an rubuta adadin da Turanci, an kuma rubuta shi da Hausa cikin ajami. To, galibin matan nan sun yi makarantar allo ko Islamiyya, ajami ba ya gagararsu. Sai mace ta karanta “Naira dubu” da haruffan da ta sani, kana ta dubi na Turanci ta gane ashe abu ɗaya su ke faɗi. Ƙananan kuwa, daga Naira 5 zuwa 50, tun 2007 Hausarsu da boko ta ke. Ga ƙamus a ƙulle a bakin zane! Har tarihi a kan taɓa, gama ga Sardauna a jikin 200, ga Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayan 20. Sai dai dubawa a ke yi, ba a rubutu a jikin kuɗi, doka ta hana.

Wata hikima kuma, ranar farko malama ta kan ce su lissafa kalmomin Turanci da suka sani. Su ce ba su san ko ɗaya ba. Sai ta ce bokiti fa? Tebur fa, da mota, da fensir, da tikiti, da asibiti, da likita? Duk daga bakin Turawa muka aro su muka gyara. Mace ta tashi tana da kalma ashirin, zuciyarta ta yi ƙarfi.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai inda kwando ya gaza. Kwali yana koya suna, ba ya koya magana. Mace ta iya karanta “sugar” da “salt”, amma ba ta iya haɗa jimlar da za ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa yaro ya kwana biyu da zazzaɓi. Ga kuma haruffa huɗu da babu su a abacadar Hausa, watau p da q da v da x, ga c wadda mu ke furtawa daban su daban. Waɗannan sai da kunne, don haka wadda ke da rediyo ko waya mai ɗaukar murya ta kan kawo a saurara tare. A ganina kuma wadda ba ta iya karatun Hausa da boko ba, kada a yi mata gaggawa. A bar ta ta yi wata biyu ko uku a kan Hausa tukuna, in ba haka ba wahala biyu za a ɗora mata lokaci guda, ta gudu.

Saura ku 'yan makaranta na birni. Littattafanku na Turanci na firamare, na aji ɗaya zuwa uku, suna nan cikin akwati gara na ci. In kuna da 'yar'uwa a ƙauye, ko ana irin wannan aji a unguwarku, ku kai. Ku zaɓi masu manyan haruffa, masu labarin kasuwa da gona da asibiti. Mai labarin ƙanƙarar Ingila ku bar shi gida. Littafi guda ma ya ishi mutum goma, in an kwance ɗinkinsa, an saka kowane shafi cikin farar leda an ƙulle bakin, su riƙa musanya kowace Asabar. Malamar Ajingi ta ce in da za ta sami ƙamus guda ɗaya tak, da kwalin alli biyu, za su kai ta har damina.