Sojan ruwan da ya koma gonar gujiya

Mu a Nijar ba mu da teku, amma akwai wani tsohon sojan ruwa da ya kamata mu riƙa tunawa da shi: Jimmy Carter, wanda ya rasu ran 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100. Duniya ta san shi shugaban Amurka daga 1977 zuwa 1981. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shawarar da ya yanke a 1953.

Carter ya fito daga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a 1946, a shekarar ne kuma ya auri Rosalynn, ƴar garinsu Plains cikin jihar Jojiya. Ya yi aiki cikin jiragen yaƙi masu nitso ƙarƙashin teku, har aka zaɓe shi cikin masu shirya jiragen da za su yi tafiya da makamashin nukiliya. Galo yana jiran shi, sai mahaifinsa ya rasu, ya bar gona da magazar gujiya, ya bar gwauruwa da ƙaramin ɗa mai shekara 16. Carter ya tuɓe kaki ya koma ƙauye.

Abin bai zo da sauƙi ba. Rosalynn ta yi fushi ƙwarai, don bai shawarce ta ba. Da ƴaƴansu uku suka zauna cikin gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi. Fari ya zo a 1954, ribar shekara ba ta kai dalar Amurka 200 ba. Duk wanda ya ga kasuwar gujiya a Maraɗi ko Damagaram zamanin SONARA ya san abin da fari kan yi wa mai magaza. Rosalynn ce ta ɗauki littafin lissafi har ciniki ya miƙe, shi kuma daga nan ya koyi zama da matarsa kafin ya yanke magana. Sun yi shekara 77 tare, har ta rasu a Nuwamba 2023.

Na taso cikin karkarar Mirya, inda ruwan tabki ne abin sha. Ina yaro na ga gwaggota zaune bakin bukka da damina, ana naɗe kurkunu a tsinke kaɗan-kaɗan daga ƙafarta, gonarta kuwa ciyawa ta cinye. Daga baya aka raba wa mata ƙyallen tace ruwa, aka hana mai kurkunu shiga tabki. Sai da na shiga lise na san cewa cibiyar Carter ce ta ja gaban wannan yaƙi tun 1986, lokacin da aka ƙiyasta mutum miliyon 3 da rabi ke kamuwa kowace shekara a Afirka da Asiya. A 2013 hukumar lafiya ta duniya OMS ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da kurkunu.

A ganina wannan aiki ya samo tushe daga waccan komawa gida. Mutumin da ya auna buhu da hannunsa, ya ba manoma bashin taki, ya san darajar ƙafar manomi guda a watan noma. Manyan duniya da yawa ba su taɓa jin sunan wannan ciwo ba.

Ƴan'uwana ma'aikata da ƴan kasuwa, da yawa daga cikinmu aiki ya kai mu Yamai, fatauci ya kai mu Kwatano, iyaye na ƙauye sai saƙon kuɗi ran salla. Ba kowa ne zai iya barin aikinsa ba, ban kuma ce a bari ba. Amma Carter, da ya sauka daga mulki a 1981, gidan da ya gina a Plains tun 1961 ya koma, nan kuma aka binne shi kusa da matarsa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya ba mu ikon riƙe namu.