Rafi a Cikin Aji

A makarantu da dama na Amurka, akwai ajin da ke karɓar baƙi a lokacin kaka ko a tsakiyar hunturu: ƙwayayen kifin tirawut, dangin kifin salmon, waɗanda girmansu bai wuce ƙwayar wake ba. Ƙungiyar Trout Unlimited, wadda aka kafa a jihar Michigan a 1959, tana cikin masu ɗaukar nauyin shirin, tare da hukumomin kula da kifi na jihohi. Ɗalibai ke ƙyanƙyashe ƙwan, su raini kifin, sannan su sake shi a rafi.

Wahalar aikin duka tana ga sanyi. Tarwada na iya rayuwa a ruwan ɗumi mai dauɗa, domin takan leƙo sama ta shaƙi iska. Tirawut ba shi da wannan baiwa. Abin da ya narke a ruwa shi ne numfashinsa. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 10 a ma'aunin Salshiyos tana riƙe kimanin miligiram 11 na oksijin, amma a digiri 30 abin ba ya kai 8. Da zarar ruwa ya haura digiri 20, kifin ya fara galabaita.

Shi ya sa malamar da ta karɓi wannan amana take fara shiri makonni kafin ƙwan ya iso. Za ta kafa tankin gilashi mai cin kusan lita 200, ta haɗa shi da na'urar sanyaya ruwa da ke tsayar da shi tsakanin digiri 10 da 13. Za ta lulluɓe gilashin da allunan soso masu tare zafi, waɗanda kuma ke kawo duhu, domin ƙwan ya saba kwanciya a ƙarƙashin tsakuwa. Za ta cire kulorin daga ruwan famfo, ta sa matata da famfon iska. Sai jira. Kashin kifi na fitar da amoniya mai guba, kuma ƙwayoyin bakteriyar da ke sauya ta zuwa abin da ba ya kisa ba sa saurin yaɗuwa a cikin sanyi.

Ƙwan kan iso da ɗigo biyu baƙaƙe a ciki, wato idanun kifin. Wanda ya mutu yakan koma fari fat, kuma dole a tsince shi kafin fumfuna ta kama na kusa da shi. Wanda ya ƙyanƙyashe yakan kwanta a ƙasa da jakar gwaiduwa a cikinsa, yana ci daga gare ta har ta ƙare, kafin ya taso neman abinci. Ba duka ke kaiwa ba. Idan wuta ta ɗauke a ƙarshen mako babu wanda ya lura, aikin watanni na iya salwanta, malamar kuma ita za ta tsaya gaban yara ranar Litinin ta yi bayani.

A nan darasin yake. Duk abin da aka saya da kuɗi aka jona wa lantarki, rafi mai lafiya yana samar da shi kyauta. Inuwar itatuwan gaɓa da ruwan maɓuɓɓuga su ne na'urar sanyaya shi. Gudun ruwa a kan duwatsu shi ne famfon iskarsa. A sare itatuwan, ko laka ta cike tsakuwar, kifin ya tafi.

Ga yaran birnin New York, maganar ta wuce ta kifi. Mafi yawan ruwan da suke sha daga yankin tsaunukan Catskill yake gangarowa, kuma tsabtarsa ta sa ba a bi da shi ta matatar ruwa. Yaron da ya shafe watanni yana auna zafin tanki kowace safiya, ranar da ya tsuguna a bakin rafi cikin Afrilu ko Mayu da ɗan kifi a kofi, ba sai an gaya masa abin da zai fara dubawa ba. Yakan ɗaga kai ya ga ko akwai inuwa.