Rurum Sabon Gari: Harafin Lodi da Danginsa na Ƙasar Sifen

A wannan watan za mu leƙa kudancin jihar Kano ne. Idan kika baro birni kika bi ta Bunkure kika isa Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, sai ki ƙara nausawa gaba cikin duwatsu har Rurum, kusa da madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974. Garin biyu ne, Tsohon Gari da Sabon Gari, kuma mutanensa manoma ne.

In Allah ya kai ki, ki ɗan dakata a ƙofar makarantar allo da hantsi, ki kasa kunne. Za ki ji ƙananan yara masu babbaƙu suna rera sunayen haruffa: ba guje, ha ƙarami, ha mai ruwa, ɗa mai hannu, kaf lasan, sodi, lodi. Ruwa a nan ɗigo ake nufi. Kowane suna yana zana wa yaro kamannin harafin, shi ya sa ba ya mantawa. Ki duba allon kuma, za ki ga fa ɗigonsa a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wannan rubutun Magariba ne, karatun kuma ruwayar Warshu, irin waɗanda Musulmin Andalus suka yi amfani da su a ƙasar Sifen, inda mulkinsu ya fara a 711 ya ƙare da faɗuwar Garnaɗa a 1492.

Lodin nan shi ne abin da ya fi jan hankalina. Mu malaman Islamiyya «dad» muke koyarwa, kuma sau da yawa yarinya takan koma gida ta ji kakarta ta ce Ramalana sai ta fashe da dariya. To ai da wannan lodin muka samu alwala, farilla, larura, layya da alƙali, kuma ban taɓa jin wanda ya yi musu dariya ba.

Mutanen Sifen ma haka kunnensu ya jiyo shi. Haruffansu 27 ne, kuma a ido kamar namu na boko, sai dai furucin wasu ya sha bamban. Harafin h ba a furta shi sam. Harafin j daga maƙogwaro yake fita kamar ha mai ruwa. Akwai ñ, wato n mai rawani, da ake faɗa kusan kamar «ny» na hanya. Shi kuwa c, in a ta biyo shi, k ne. Don haka kalmarsu ta shugaban gari, alcalde, alkalde ake karanta ta, kuma asalinta kalmar Larabcin nan ce da ta ba mu alƙali. Dubi yadda lam ya shigo musu a daidai inda ya shigo mana. Dalili kuwa, tun zamanin Sibawaihi malamai suka bayyana cewa daga gefen harshe harafin yake fita, maƙwabcin mafitar lam.

Har ajami sun yi. Musulmin da suka rage bayan 1492 sun riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, ana kiran rubutun aljamiado, daga kalmar ajami ɗin tamu.

Ba cewa nake a bar tajwidi ba, karatun Alƙur'ani sai an ba kowane harafi haƙƙinsa, kuma aikinmu ke nan. Amma idan 'yarki ta dawo da sabon furuci tana gyara wa Hajiya da tsawa, ki zaunar da ita, ki tambaye ta me ta yi kafin sallar Azahar. Za ta ce alwala. Sai ki sa ta rubuta kalmar da Larabci, ta nuna miki inda lam na biyu yake.