Wallahi Mai Lamba 7 Ta Fi Mai Lamba 3 Nisa!

Ku da kuke buga golf, shekaru kuma sun fara rage muku ƙarfin kafaɗa, ku matso, yau da albishir na zo. Ashe akwai sandar da ke ɗaga ƙwallo sama daga kan ciyawa ba tare da mutum ya yi kamar zai ɓalle ƙugunsa ba! Wud mai lamba 7 ce. A Kaduna na riƙe ta cikin hunturun nan, har yanzu ban gama mamaki ba.

Wani abokin wasana, dattijo da ya girme ni, shi ya miƙo min ita a wani dogon rami. Ƙasa ta bushe ƙayau, ciyawa ta kwanta. Ya ce, “Alhaji, ajiye ukun nan, gwada wannan.” Na buga yadda na saba, ko ƙarfi ban ƙara ba. Sai ga ƙwallo ta miƙe sama, ta daɗe a iska, ta sauka gaba da inda mai lamba 3 ke kai ni ko a ranar sa'a. Yaron da ke ɗaukar min jaka ya ce, “Yallaɓai, a sake!” Aka sake. Har wadda na ji a tafin hannuna cewa gefen fuskar sanda ne ya same ta, ita ma ta tashi, kuma ba ta kauce sosai ba.

Ta yaya sandar da aka yi don gajeren zango za ta wuce ta dogon zango? Amsar tana cikin digiri. Fuskar kowace sanda a kishingiɗe take. Ta mai lamba 3 wajen digiri 15 ce, mai 5 wajen 18, mai 7 wajen 21, mai 9 kuma wajen 24. Abu biyu ke riƙe ƙwallo a iska: kusurwar da ta tashi da ita, da juyin da take yi baya-baya, wanda ke sa iska ta tallafe ta. Shi kuwa juyin nan, gudun kan sanda da kishingiɗar fuskarta ne ke haifar da shi. Ƙwararrun da ke buga PGA Tour a Amurka suna kaɗa direba da gudun da ya haura mil 110 a awa, don haka digiri 15 ya ishe su har da saura. Mu da ba mu kai mil 85 ba fa? Ƙwallo za ta fita ƙasa-ƙasa, juyinta kaɗan, ƙarfinta ya ƙare tun ba ta yi nisa ba. Da rani busasshiyar ƙasa takan rufa mana asiri, ƙwallo ta yi ta gangarawa mu ce mun yi bugu. Bari damina ta sauka, ciyawa ta jiƙe, ko a samu kwata a gabanka, a nan za ka san iya nisan da take yi a sama.

Ga kuma tsawo. Mai lamba 3 takan kai inci 43, mai 7 ta gaza ta da inci ɗaya ko fiye. Kamar ba komai ba, amma duk wanda ya taɓa noma ya san fartanya mai gajeriyar ƙota ta fi sauka inda ido ya nufa. Bugun tsakiyar fuska shi ne nisa.

To, da na shiga duba kawunan sandunan nan, sai na ga ba kowace mai lamba 7 ce mai yafiya ba. Wadda ta dace da mu fuskarta gajera ce daga sama zuwa ƙasa, kan yana da faɗi, nauyinsa an tura shi ƙasa da baya. Nauyin ƙasa ke cilla ƙwallo sama. Nauyin baya ke hana kan murɗewa idan bugu ya kauce daga tsakiya, kuma yafiyar ke nan da ake magana. Dabarar ma ta daɗe: a tsakiyar shekarun 1990 Barney Adams ya fito da Tight Lies, mai kai shafal, don ɗaukar ƙwallo daga inda ciyawa ba ta da kauri. Mutumin a Taksas yake a lokacin, amma sai ka rantse filayenmu na hunturu ya gani. Cobra kuwa tun 1975 ta sa wa Baffler layuka a ƙasan kai don ya zame a kan ƙasa maimakon ya nutse. Daga baya Ping ta fito da G430 SFT ga wanda ƙwallonsa ke karkata dama idan na-dama ne, Callaway na da Heavenwood mai digiri 20 da ƙota mai ɗan tsayi, XXIO ta Japan kuma sana'arta ke nan, sanduna marasa nauyi don masu sanyin hannu.

Kada a manta da ƙota. Akwai harafi a jikinta: L, A, R, S ko X, daga mai laushi zuwa mai tauri. Idan sandar gwanjo ce, ko ɗanka ne ya aiko daga waje, duba harafin kafin ka yi murna. S da X na samari ne. Namu A ne ko R, mai nauyin giram 40 zuwa 50 da ɗoriya. Sai dai R na wannan kamfani ba lallai ya zama R na wancan ba, don haka a buga a ji kafin a biya kuɗi. Lambar da ke ƙasan kai ma haka take, digirin za ka karanta.

Na san abin da ke hana mutane: kunya. Wai a ga mai lamba 7 a jakarka a ce ka tsufa. To Dustin Johnson da ita a jakarsa ya ci gasar Masters a 2020, da bugu 20 ƙasa da “par”. Tommy Fleetwood na Ingila har mai lamba 9 yake ɗauka. Su don ƙwallo ta sauko daga sama ta tsaya cak a kan girin suke so, mu don ta isa can ɗin, amma sandar ɗaya ce.

Aibinta ɗaya na gani: idan iskar hunturu ta taso ta gabanka, ƙwallon da ta yi sama sosai takan rasa yadi da dama. A irin wannan rami mai lamba 5 ta fi. Doka kuma sanda 14 kawai ta yarda a ɗauka, dole wata ta fita. Ni mai lamba 3 na cire, da ayan mai lamba 4, na sa 5 da 7 a gurbinsu.