Cinikin Biri A Sama

Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama. Mun tashi muna jin wannan karin magana a bakin manya, amma ba mu ɗanɗani ɗacin gaskiyarta ba sai a 2018, shekarar da mu huɗu, 'ya'yan mutum ɗaya, muka tattara abin da Allah ya hore mana muka sayi motar da babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa ɗora mata hannu. Tana can Amurka, mu kuwa muna warwatse tsakanin Inugu da Anacha da Fatakwal, abin da ya haɗa mu da ita bai wuce hotuna goma sha biyu a cikin waya ba.

Kafin mai karatu ya yi mana dariya, ya kamata ya san dalilin da ya sa mota ta zama abin kwana da tashi a gidanmu. Mahaifinmu ya sauka Inugu a jirgin ƙasa a 1971, shekara guda bayan ƙare yaƙin basasa, da buhun albasa biyu na ubangidansa da 'yar tabarmarsa. A Ama Hausa ya sami masauki, a nan ya yi aure, a nan aka yanke mana cibiya. Yakan yi alfahari da cewa wannan gari ne da ya taɓa zaɓar Malam Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950. Amma duk da wannan alfahari, akwai wata jaka da ba ta taɓa barin ƙarƙashin gadonsa ba, cikinta da takardun gida da na makarantarmu da 'yan kuɗi ƙulle a tsumma. Baƙo raɓa ne, in ji shi, bai san safiyar da rana za ta ɗauke shi ba.

Wannan safiya ta zo a watan Fabrairu na 2006, lokacin da wutar da ta tashi a Maiduguri ta yi amsa-kuwwa a Anacha da Inugu. Ɗan'uwanmu da ke sayar da wake a bakin gada ya tsallake kogin Kwara zuwa Asaba da ƙafa, ba ko takalmi. Baba kuwa ya fita tasha neman motar da za ta kwashi iyalinsa, ya tarar kowane direba ya ninka kuɗi, wasu ma sun ɓoye motocinsu. Wani maƙwabcinmu Ibo ne ya shigar da mu cikin ɗakin matarsa har ƙura ta lafa. Mun san cewa yadda muka kwana da ido ɗaya a wannan mako, haka 'yan'uwansa da ke Sabon Garin Kano suka sha kwana. Tun daga ranar Baba ya sa wa ransa abu guda: yana son motar kansa, mai ɗaukar iyali gaba ɗaya, wadda za ta tashi daga Inugu ta bi Obollo-Afor da Makurɗi da Lafiya har Kano ba tare da ta roƙi kowa ba.

A zamanin samartakarsa wannan buri ba ya bukatar tsallaka teku. Tun 1975 ake harhaɗa Peugeot a Kaduna, ana yin Volkswagen a Ikko, kuma a Emene da ke gefen Inugu kamfanin ANAMMCO ya soma fitar da manyan motocin Mercedes a farkon shekarun 1980. Malamin makaranta ma yakan karɓi rancen mota ya fito da sabuwar 504 tana ƙamshin leda. Sai shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, jama'a suka koma wa kwancen Turai. Yarabawa suka sa musu suna tokumbo, a gabas ana ce musu Beljiyam saboda tashar Antwaf da ake lodinsu, mu kuwa Hausawa muka ce 'yan Kwatano, domin a can ake sauke su. Daga Kwatano wasu su shigo ta Seme, wasu su haura ta Faraku da Gaya zuwa Maraɗi da sunan kayan Nijar, dare ya yi a biyo da su ta daji. Wannan hanya ce gwamnati ta toshe lokacin da ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017. Ke nan a lokacin da muka shirya, ƙofar halal ɗaya ce ta rage, wato tashar jiragen ruwa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babbanmu da ya gaji rumfar Baba ya kawo ribar albasar shekara biyu. Na Anacha ya ɗauki kwasar adashinsa. Na Fatakwal, mai canjin kuɗi a Diobu, ya ɗauki nauyin mayar da nairorinmu dala, a lokacin ana sayar da ita wajen naira 360. Autarmu, malamar firamare, ta sayar da 'yan kunnen gwal ɗin aurenta ba tare da ta gaya wa mijinta ba sai daga baya. Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyarmu da ke karatu a Hustan ta jihar Tekzas, shi muka ɗora wa aikin nema. Ba mu waiwayi Ingila ko Japan ba, domin tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da sitiyarinta ke dama ba ta da wurin zama a kan titinmu. Ta Amurka kuwa sitiyarinta a hagu yake, daidai da namu.

Ba a yi wata guda ba ya aiko da hotunan wata Toyota Sienna ƙirar 2008, ruwan toka, mai kujeru bakwai. Shekarunta ba su kai goma sha biyar da doka ta ƙayyade a lokacin ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne kuɗinta, wanda bai kai kashi biyu cikin uku na abin da takwarorinta ke yi ba. Ya ce wani dillali ne zai saye ta a gwanjon kamfanonin inshora. Babu wanda ya tambaya a cikinmu me ya kai lafiyayyar mota hannun inshora. Da muka nuna wa Baba, ya daɗe yana duban hoton, sa'an nan ya ce, "Ku yaran nan, araha fa ba ta ado." Muka ce, "Baba, can ƙasar haka abin yake, mutum ya gaji da mota sai ya yar." Ya yi shiru, mu kuma muka ɗauki shirunsa a matsayin amincewa.

Aka cusa ta cikin kwantena tare da motocin wasu mutane, aka nufo da ita tashar Onne da ke kusa da Fatakwal. A nan muka soma koyon cewa kuɗin sayen mota somin taɓi ne. Ga kuɗin jan ta daga filin gwanjo zuwa bakin ruwa, ga kuɗin jirgi, ga na tasha, ga kuɗin fito na kashi 35 cikin ɗari na ƙimar da hukuma ta yi mata, ba na abin da ka ce ka saya ba, ga harajin kayan masarufi na kashi 5 a wancan lokaci, ga wasu ƙananan haraji da ke biye. Jirgi ya iso bayan mako bakwai, amma takardar lodi ta asali, wadda sai da ita ake sakin kaya, tana can cikin jakar ɗan'uwanmu a Hustan, yana fama da jarrabawa. Kafin ta iso kwanakin alfarma sun ƙare, kuɗin ajiya ya soma hawa kowace safiya kamar farashin rago a jajibirin Salla.

Cikin wannan ƙunci ne wani ɗan kiliyarin, wanda aka haɗa mu da shi a masallaci, ya zo mana da abin da muka ɗauka taimako ne. Ya ce ya san hanyar da za a rage kuɗin fito da kusan rabi. Ba mu tambaye shi wace hanya ce ba, domin zuciyarmu ta riga ta san amsar, ba ta dai son kunne ya ji. Muka ba shi, ya kawo mana takardu masu hatimi, motar ta fito. Ranar da ta biyo ta Aba da Umuahia da Lokpanta ta shigo Ama Hausa, yara suka bi ta da gudu, mata suka yi guɗa, limamin unguwa ya yi addu'a. Baba ya zagaya ta sau biyu yana dogara sanda, ya shiga ya zauna a gaba, ya rufe ido. Mun ga leɓɓansa na motsi.

Daɗin bai cika mako uku ba. Da farko gilashin taga ya ƙi sauka, sai fitilun gaban direba suka riƙa kamawa suna mutuwa ba dalili, daga bisani ta ɗauke wuta gaba ɗaya a tsakiyar titin Ogui. Muka tura ta garejin wani bakanike Ibo, haifaffen Sabon Garin Kano, wanda Hausarsa ta fi tamu daɗi. Bai buɗe inji ba. Ya durƙusa ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya tura hannu ƙarƙashin kujera, ya fito da busasshen laka, ya nuna mana tsatsa a jikin ƙarafan da ruwan sama ba ya taɓa kaiwa. Ya ce, "'Yan'uwana, wannan mota ta sha ruwa har wuya." Ya kwafi lambar jikinta mai harafi da alƙalami goma sha bakwai, ɗansa ya bincika a intanet, sai ga tarihinta a fili. Tana cikin dubban motocin da guguwar Harvey ta nutsar a Hustan cikin watan Agusta na 2017. An ma rubuta hakan a takardar mallakarta da Turanci, mu ne ba mu karanta ba. Binciken da zai cece mu bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba.

Ruwa ba ya kashe mota nan take, sannu yake cin wayoyinta da ƙwaƙwalwarta. Na Anacha ya yi sati biyu yana zarya tsakanin Nkpor da Mgbuka Obosi, kasuwannin da aka ce in ka rasa kayan mota a cikinsu to ka haƙura, har ya samo wayoyi da ƙwaƙwalwar wata irinta da ta yi haɗari. Bakaniken nan ya kwashe wata guda yana zare tsofaffi yana zura sababbi. Da muka zo biya ya karɓi rabi, ya ce sauran ya bar wa Alhaji, domin a rikicin Kano na 1991 wani dattijo mai kama da shi ne ya ɓoye mahaifiyarsa.

Saura jarrabawa ta biyu. A tafiyarmu ta farko zuwa gida, ba mu kai Otukpo ba jami'an kwastan suka tsayar da mu. Cikin ladabi suka karɓi takardu, suka duba lambar a na'urarsu, sai ga shi an rubuta motar a matsayin ƙirar da ta girme ta da shekaru, an biya fito a kan ƙimar da ba tata ba. Ba su zalunce mu ba, aikinsu suka yi. Aka tsare motar, muka sauke tsohonmu da kayansa a bakin titi, muka nemi ɗan kiliyarin a waya, layinsa a kashe har yau. Sai da muka cika gibin da tara a kai, bayan wata biyu, aka sake ta. Garin neman gira mun kusa rasa ido. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne kallon da Baba ya yi mana a gefen hanyar nan, ya ce, "Da kuɗin haram kuka so ku kai ni gida?" Babu wanda ya iya ɗaga kai.

Da muka zauna muka yi lissafi, abin da muka kashe ya zarce kuɗin irinta lafiyayya a wurin dillalan cikin gari, inda mutum zai shiga ya tuƙa, ya kawo bakanikensa ya duba. Ba muna cewa kada kowa ya yi odar mota ba ne. Mutane da yawa sun yi sun dace. Amma wanda zai yi, ya binciki lambar jikinta kafin ya biya ko sisi, ya sa a karanta masa takardar mallaka kalma bayan kalma, ya tabbatar takardar lodi ta riga jirgi isowa, ya nemi ejan mai lasisi, ya biya fito cikakke a banki ya riƙe rasiɗinsa. Ya kuma tuna cewa da dala ake auna komai. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kuɗin fito ya bi ta a guje. Abin da mu huɗu muka iya a 2018, da a wannan lokaci ne ko mu takwas ba za mu tunkare shi ba.

Motar dai ta zauna, kuma ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. An saye ta domin gudu, amma ba ta taɓa gudu ba. Ita ta kai matar maƙwabcinmu asibiti da ƙarfe biyun dare ranar da naƙuda ta kama ta. Ita ta kai amare uku na unguwarmu, ta kai ɗan bakaniken nan jami'a a Nsukka da akwatinsa. A watan Oktoba na 2020, da hankula suka tashi a Oyigbo, mun cika tankinta mun ajiye ta tana fuskantar ƙofa. Baba ya fito ya dube ta, ya dubi masallacin da ya yi kusan shekara hamsin yana salla a cikinsa, ya ce a mayar da jakarsa ɗaki. Ya ce, "In na tafi, wa na sani a can? Duk waɗanda za su yi mini salla suna nan."

A damina ta 2022 Allah ya karɓi abinsa. Muka kwantar da kujerun baya, muka shimfiɗa tabarma, motar da ya yi shekara goma sha biyu yana mafarkin za ta kai shi Kano ta kai shi makwancinsa a ƙasar Inugu. Maƙwabcinmu da bakanike suna tsaye daga gefe, huluna a hannu, har aka gama. Da muka dawo gida muka buɗe jakar nan ta ƙarƙashin gado, muka tarar ya ƙara takarda ɗaya a kan na da, wato rasiɗin cikon kuɗin fito, ya naɗe shi a leda. Allah ya jiƙansa, ya sa mu iya riƙe abin da ya bar mana.