Ranar Da Muka Hau Dutsen Idanre

Shekara nawa muna shiga Idanre muna fita? Wasunmu albasa da tattasai suke kaiwa, wasu sun sha dakon buhunan koko a can. Amma a tambayi wanda ya taɓa hawa dutsen, sai kowa ya kalli ɗan'uwansa. Alhali daga nan Akure tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba.

Yaranmu ne suka tashe mu. A makarantar boko 'yan ajinsu Yarabawa na ta labarin dutsen, su kuwa sun yi tsuru, kamar ba a nan aka yanke musu cibiya ba. In sun je Arewa a ce musu 'yan Kurmi, a nan kuma a ce baƙi ne. Wannan ta tsaya mana a rai, shi ya sa muka ɗauki shatar bas wata Asabar cikin hunturu, manya da yara.

Tun kafin mu tashi wani dattijonmu ya ja tunga. Ya ce, "Wurin tsafinsu ne fa, me zai kai mu?" Maganarsa ba ta banza ba ce, don mutanen garin suna da wuraren da suke girmamawa a saman, har da bikin Orosun duk shekara. Muka ce, "Baba, kallo za mu yi. Inda ɗan jagora ya ce ba a shiga, dama mu ma ba ma son shiga." Da ƙyar ya yarda, wai zai bi mu ne ya tsare yara.

Matakalar ta fi 600, amma ba a shanye ta lokaci guda. Akwai wuraren hutawa guda 5 a hanya, kuma nan kowa ya san matsayinsa. Hajiyoyi masu ciwon gwiwa suka yada zango a na farko, suka buɗe kular abinci, suka ce mu gaida na sama. Masu tumbi, mu da muke wuni a zaune bakin shago, muka fara haki tun a na biyu. Wani ɗan'uwa da ya zo da silifas da babbar riga ya naɗe rigar a ka kamar gammo. Mai hawan jini dai ya tambayi likita kafin ya gwada, kuma kowa ya riƙe gorar ruwansa. Da damina ma a haƙura, dutse akwai santsi.

Ashe ƙarshen matakala ba ƙarshen tafiya ba ne. Gari ne guda a saman, Oke Idanre, inda mutanen suka zauna ɗaruruwan shekaru kafin su sauko ƙasa wajen shekara 100 da suka wuce. Ga tsohuwar fadar Owa, sarkinsu, ga tsohuwar kotu, ga ginin makaranta. Tun 2007 wurin ke cikin jerin da Najeriya ta miƙa wa UNESCO. Daga nan hanya ta koma ta samari, hawa kan falalen dutse ba matakala ba abin kamawa, har inda suke cewa sawun Agboogun ne. Mu muka zauna muna kallon garin a ƙasa, jajayen kwanuka tsakanin duwatsu.

Abin mamaki, Baba bai tsaya a ƙasa ba. Sannu sannu, da sandarsa da carbinsa, sai ga shi a bayanmu. Ya daɗe tsaye a ƙofar fadar, sannan ya tambayi ɗan jagora da Yarabanci yadda matan da suke hawo da kaya a ka. Jikarsa ce ta fassara mana amsar, don Yarabancinta ya fi na dukanmu.

Mun sauko ƙafafu na rawa, muka haɗa Azahar da La'asar a gindin dutsen. A mota Baba ya ce in za a koma a gaya masa da wuri, ya sayi kambas.